Minshari, Beli da Na'ura: Ciwon da Yake Jiran Suna a Hausa

A Ƙofar Kuyambana, kamar sauran unguwannin birnin Zazzau, minshari abin tsokana ne tsakanin abokan wasa. Sai dai akwai minsharin da yake tafe da ɗaukewar numfashi: naman maƙogwaro ya saki, hanyar iska ta toshe na daƙiƙa 10 ko fiye, mai barci ya zabura yana kokawar shaƙa. Idan haka ta faru sau 30 a awa guda, likitoci suna ɗaukar ciwon a matsayin mai tsanani. Yana da alaƙa da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, kuma gyangyaɗin da yake haifarwa da rana hatsari ne ga direba.

Magani kuwa akwai shi. A 1981 Colin Sullivan na Jami'ar Sidni ya bayyana na'urar CPAP, wadda take tura iska ta hanci domin maƙogwaro ya zauna a buɗe. Akwai abin sawa a baki mai turo muƙamuƙin ƙasa gaba, ga rage ƙiba, ga kwanciya a gefe ɗaya. Amma na'urar tana buƙatar lantarki har wayewar gari, saboda haka duk shawarar da ba ta haɗa da batir ko hasken rana ba, ba ta dace da wannan unguwa ba.

Inda al'amarin ya shafi masana Hausa shi ne tiyata. Ɗaya daga cikin ayyukan da likita yake yi shi ne yanke beli da wani sashe na ganɗa mai laushi. Bahaushe ya daɗe da sanin cire beli a hannun wanzami. Wanda aka yi wa bayanin tiyatar a gurguje zai iya zaton aikin ɗaya ne, ya nufi wanzami, ya jawo wa kansa zubar jini, toshewar kuma tana nan, domin sau da yawa daga gindin harshe take. Wani kuma zai kira ta dannau, alhali dannau kasa motsi ne a bakin farkawa.

Saboda haka ya kamata masana harshe na Jami'ar Ahmadu Bello su zauna da likitocin Asibitin Koyarwa na Shika su tsayar da suna ɗaya. "Ɗaukewar numfashin barci" ya cancanci dubawa, tun da ya bambanta ciwon da asma da dannau. Sunan zai fi amfanar matar aure, wadda ita take jin shirun da yake biyo bayan minshari, kunya kuma take hana ta faɗa. Idan ta sami kalmar da ba ta ɗauke da zolaya, za ta iya cewa maigida ya je a gwada barcinsa.