Gyaran ƙwayoyin halitta da batun haihuwa

Mai karatu, idan akwai mai ciwon sikila a gidanku, wataƙila ka ji labarin Casgevy, wanda Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023. Malaman fiƙihu sun halatta irin wannan magani bisa sharuɗɗa, tunda gyaran iyakarsa jikin majiyyaci, ba ya taɓa zuriya. Farashinsa dala miliyan 2.2 ne, amma ba shi ya fi damuna ba. Sai an share ɓargo da busulfan sannan a mayar da ƙwayoyin da aka gyara, shi kuwa busulfan yakan kashe haihuwa. Tun maganin bai iso Najeriya ba, ya kamata doka ta wajabta wa likita faɗin haka ƙarara, da harshen majiyyaci, kafin a sa hannu.