Kunya Da Kunne A Wurin Kiɗa

Wanda ya zaga garin Minna da yammacin Juma'a ko Asabar, daga Bosso zuwa Tunga, daga Kpakungu zuwa Maitumbi, ba ya bukatar a nuna masa gidan da ake biki. Tun bai karyo kwanar layin ba ƙirjinsa zai gaya masa, domin an ɗora akwatunan amsa-kuwwa bisa juna har sun fi mutum tsawo, janareto kuwa yana ruri a bayansu. Haka abin yake a zaurukan taro da filayen wasa, ko wasan kwaikwayo ake yi, ko wani mawaƙi ne ya sauka a garin.

Minna gari ne na jirgin ƙasa, wanda ya tara Gwarawa da Nufawa da Hausawa da Yarbawa da Ibo tun kafin ya zama babban birnin Jihar Neja a 1976, kowa kuwa ya zo da irin kiɗansa. Garin yana da wuraren taruwa na sosai, kamar gidan wasa na U.K. Bello, da zauren taro na Mai Shari'a Idris Legbo Kutigi, da filin wasa na Bako Kontagora. Kiɗa dai ba baƙo ba ne a nan. Abin da ya sake shi ne ƙarfinsa. Kalangun Mamman Shata, da ƙwaryar Barmani Choge, da gangunan da ke raka Hajiya Fatima Lolo ta Nupe, ba za a ce ba su da amo ba, balle algaita da kakaki. Amma hannun makaɗi yana gajiya, numfashin mabushi yana da iyaka, ana tsayawa a yi kirari, a yi liƙi, kunne ya sarara. Na'ura kuwa ba ta san gajiya ba, sai dai in mai ya ƙare.

Masana suna auna ƙarfin ƙara da wani ma'auni da ake kira disibel. Hirar mutum biyu tana kai wajen 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana iya sauraron ƙara mai disibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba. In ta kai 90, awa 4 ke nan kawai a mako. In ta kai 100, rabon mutum na mako guda minti 20 ne. Ma'aunin yana da yaudara, domin duk ƙarin disibel 3 yana ninka ƙarfin da ke dukan kunne, alhali mai sauraro da ƙyar zai lura an ƙara wani abu. To, disibel 100 ɗin nan shi ne iyakar da hukumar ta yanka wa gidajen kiɗa da wasanni a cikin ƙa'idar da ta fitar a 2022, watau ko wurin da ya bi doka yana cinye rabon mutum na mako kafin mawaƙi ya gama waƙa ta uku. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa matasa fiye da biliyan ɗaya, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin raunin ji saboda irin wannan sauraro.

Yawancin mutane sun ɗauka dodon kunne ne ke fashewa. Ba safai ba. Ɓarnar tana can ciki, a wani ɗan lungu mai kamar katantanwa, wanda bai fi ƙwayar wake girma ba. A cikinsa akwai 'yan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi a kansu, wajen dubu 15 a kowane kunne, su ne ke mai da girgizar iska ta zama saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kwantar da su kamar yadda iskar damina ke kwantar da gero. In an yi sa'a, bayan kwana ɗaya ko biyu sai su miƙe. In aka yi ta maimaitawa, sai su mutu, wanda ya mutu kuwa ba ya sake tsirowa. Abin mamaki, kaza da kifi Allah ya ba su baiwar sake tsirar da nasu, ɗan Adam ne bai samu ba.

Kunne yana yin gargaɗi, sai dai ba a kula. Wanda ya taso daga wurin kiɗa ya ji kamar an cusa masa auduga, ko ya kwanta ya ji wani kuka siriri kamar na gyare a cikin kansa, to, kunnensa ya sha duka a daren nan. Wasu kukan nan yakan zauna musu har iyakar rai, ya hana su barci. Raunin kuma ba ya farawa da kurumcewa ɗungurungum. Sautuka masu kaifi ne ke fara ɓacewa, sai mutum ya kasa rabe "sata" da "fata", ko "sa" da "sha". Yana jin ana magana, amma ba ya kama abin da aka ce, musamman a cikin hayaniya irin ta kasuwar Kure. Daga nan sai a fara cewa ya cika girman kai, ana gaishe shi ba ya amsawa. Ɗalibi ya zauna a aji ya fita da rabin karatu, magidanci ya dawo daga masallacin Juma'a ya tambayi maƙwabci abin da liman ya faɗa.

Abin da ke tare yawancin wannan ɓarna bai kai rabin ɗan yatsa ba. Matoshin kunne ne, na soso mai laushi, irin wanda ma'aikatan masana'antu ke sawa, ana kuwa samunsa a shagunan da ke sayar da hular kwano da takalman aiki, da waɗansu kantunan magani. Sa shi yana da ƙa'ida. A murza shi da yatsu masu tsabta har ya zama siriri, a zagaya da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunnen sama, a tura shi cikin rami, a riƙe kamar rabin minti har ya kumbura ya cika wurin. In ya zauna daidai yana rage disibel 20 zuwa 30. In kuwa aka maƙala shi a bakin kunne kawai, ado ne. Auduga da takardar goge hanci da wasu ke dunƙulawa ba su tare abin kirki.

An gwada abin a fili. A 2015, a wani bikin kiɗa a birnin Amsterdam na ƙasar Holan, likitoci suka raba mutum 51 gida biyu, 25 da matoshi, 26 babu, suka shafe awa huɗu da rabi cikin ƙara mai disibel wajen 100. Da aka auna su bayan an tashi, raunin ji na ɗan lokaci ya bayyana a kashi 42 cikin ɗari na kunnuwan da ba a toshe ba, kashi 8 kacal na waɗanda aka toshe. Masu cewa matoshi yana ɓata daɗin kiɗa suna da 'yar gaskiya, gama na soso yana dushe murya. Amma akwai na roba mai ɗan mataci a ciki, wanda aka ƙera domin makaɗa, yana rage ƙarfi ya bar waƙa da zaƙinta.

Babban cikas a ƙasar Hausa ba tsada ba ce, kunya ce. A bakin Bahaushe, "ya toshe kunnensa" zargi ne, ana nufin an yi masa magana ya ƙi ji. Yaya mutum zai zauna a gaban mawaƙi, ana wasa shi, ana ambaton kakanninsa, shi kuwa ya cusa abu a kunne? Yaya ƙawar amarya za ta shiga fili da soso a kunne, a ce tana ƙyamar bikin? Wannan tunani yana da tushe a cikin ladabi, ba abin dariya ba ne. Sai dai ya kamata a duba wanda ya fi kowa hasara. Baƙo yana zuwa biki sau ɗaya ko biyu a wata. Mawaƙi da 'yan amshinsa, da mai juya faifai, da yaron da ke ɗaukar akwatuna, kusan kullum suna gindin amsa-kuwwa, kunnen nan kuwa shi ne jarinsu. Da jinsu ya fara raguwa sai su ƙara murɗa na'ura don su ji daidai, jama'a su biya kuɗin raunin da ba nasu ba. A 2016 mawaƙin ƙungiyar AC/DC, Brian Johnson, ya bar rangadi a tsakiya, bayan likitoci sun gaya masa in ya ci gaba zai kurumce. Ranar da mawaƙan Arewa masu suna suka fara hawa dandali da matoshi a kunne, kunyar za ta kau da kanta.

Sha'anin yara ya fi ban tausayi. Su ne ke rige-rigen tsayawa a gaban akwati, har da masu jingina da shi don su ji yana girgiza su. Ga kuma jariri a goye, uwarsa tana tsakiyar fili tana liƙi. Ma'aunin da aka ba yara disibel 75 ne, ƙasa da na manya. Matoshin soso bai dace da jariri ba, yana iya zare shi ya kai baki. Nasa maganin nisa ne. A sarari, duk lokacin da mutum ya ninka tazarar da ke tsakaninsa da amsa-kuwwa, ƙara tana raguwa da disibel wajen 6, saboda haka kujerar baya ta fi ta gaba albarka ga mai goyo.

Masu zauruka da masu biki su ma da nasu nauyin. A Faransa, dokar 2017 ta wajabta wa manyan wuraren kiɗa su ba da abin kare kunne kyauta, su kuma nuna ƙarfin ƙara a fili. Nijeriya tana da ƙa'idojin hana ƙara na 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA, amma takarda ba ta murɗa na'ura. Uwar biki da ke raba robobi da kalanda da alawa, ba zai gagare ta ba ta ajiye faranti guda na matoshi a bakin ƙofa. In mai gida ne ya miƙa, babu wanda zai ce an raina shi.

Wanda kukan kunnensa ko toshewarsa ta wuce kwana biyu, ya tafi wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, kada ya tsaya ɗiga man zaitun ko sakace da tsinke. A Minna ana iya farawa da Babban Asibiti, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1999. In kuwa ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, wannan ba ya jiran sati, domin maganinsa ya fi aiki a cikin kwanakin farko.