Ƙwaryar Kava da Ƙwaryar Fura: Ma'aunin Sulhu a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

A tsibiran Tekun Fasifik, musamman Fiji da Vanuwatu da Tonga da Samowa, akwai wani abin sha da ake kira kava, wanda ake samu daga saiwar wani tsiro ɗan uwan masoro. Tsiron ba ya yin iri, sai dai a yanki karansa a dasa, kuma yakan ɗauki shekara 3 zuwa 5 kafin a tono saiwarsa. Ana daka ta ɗanya ko busasshiya, a jiƙa, a tace cikin babban akushi, sannan a riƙa miƙa wa mahalarta a ɓawon kwakwa, babba kafin ƙarami. A Fiji baƙo ba ya shiga ƙauye sai ya gabatar wa dagaci saiwar kava, haka kuma mai laifi yakan kai ta idan ya je neman gafara. Saboda wannan daraja ne Vanuwatu ta kafa wa kava doka ta musamman a 2002.

Ƙasar Hausa ba ta san kava ba, amma tana da abin shan da ya fi shi zurfin ma'ana ta fuskar zamantakewa, wato fura da nono. Kava amfanin gona ɗaya ne, ita kuwa fura ba ta kammaluwa sai al'umma biyu sun haɗu. Manomi ne ke noma gero ko maiwa. Matan gida su surfa, su bakace, su daka da citta da kanumfari da barkono, su dunƙula, su dafa, su kirɓa, su cura, su barbaɗe da gari. Duk wannan wahala rabin aiki ce, domin sai Bafilatana ta tatso, ta kwana da madara ta zama kindirmo, ta ɗauko ƙwarya daga ruga zuwa gari, kafin ludayi ya shiga dama. Bayan kaka kuma shanu su ci kara a gona, su bar wa manomi taki. Kowace ƙwaryar fura, ashe, yarjejeniya ce da ake sabuntawa kullum ba tare da takarda ba.

Wannan yarjejeniya ce rikicin 'yan bindiga ya raunana a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Harin Kadisau a Faskari cikin watan Yunin 2020, da sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamban shekarar, sun bar tabon da bai warke ba. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin waɗannan ƙananan hukumomi, ta kuma rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya. Ko da an yarda cewa tsaro ya wajabta matakin, wadda ta fi jin jiki ita ce mai tallar nono. A daji ɓarayi sun kore shanun gidansu, a gari kuma ana yi mata kallon 'yar leƙen asiri. Inda ta daina zuwa, madarar gari ta maye gurbin nono. Ciki ya cika, amma gaisuwa da bashi da amanar da ke tafe da ƙwaryar sun yanke.

Mai ja zai ce abin sha ba ya tare harsashi, kuma yana da hujja. Kava bai hana juyin mulki a Fiji ba a 1987 da 2000 da 2006. Gaskiya ne kuma cewa an sami masu kai wa 'yan bindiga labari da kaya, daga rugage da kuma daga cikin gari. Sai dai tarihin yankin ya nuna cewa sulhun da aka ƙulla da masu riƙe da bindiga kaɗai, kamar na 2017 da na 2019, bai ɗore ba. Dalili kuwa a fili yake: an sasanta shugabannin daba da hukuma, ba a sasanta maƙwabci da maƙwabci ba.

Don haka ya kamata duk wani zaman sulhu da za a yi a wannan yanki ya sanya dawowar masu nono kasuwa cikin sharuɗɗansa. Hakimai da ardo-ardo su tsaya musu, a san su da suna da ruga, a ware musu rumfa, a kuma hukunta wanda ya ci zarafinsu kamar yadda za a hukunta wanda ya tare manomi a gona. Su ma rugage su ɗauki alhakin fallasa ɓata-garin da ke cikinsu, domin amana ba ta tsayawa da ƙafa ɗaya. Manazarta Hausa a jami'o'i suna da nasu rabon: su taskace kalmomi da al'adun wannan sana'a tun masu riƙe da su na raye.

Hukumomi sun saba auna zaman lafiya da yawan bindigogin da aka miƙa. Ma'aunin da ba ya ruɗi shi ne ranar da Bafilatana za ta sauke ƙwaryarta a kasuwar Sheme da hantsi, ta sayar, ta koma ruga kafin almuru, ba ta tsorata ba, ba a kuma tsorata da ita ba.