Shuɗin maki a saƙon imel: me yake tabbatarwa?

Duk wanda ya buɗe akwatin imel ɗinsa na Gmail ko Yahoo a 'yan shekarun nan zai ga cewa wasu saƙonnin talla na zuwa ne ɗauke da tambarin kamfani a gefen suna, wasu ma har da shuɗin maki, yayin da wasu ke zuwa da harafi guda kawai a cikin da'ira.

Wannan bambanci ba ado ba ne. Kamfanonin da ke kula da akwatunan imel ne ke yanke hukuncin wanda za a nuna fuskarsa da wanda za a bari a duhu, kuma hukuncin ya shafi aljihun 'yan kasuwa da na masu karɓar saƙo baki ɗaya.

Tushen matsalar

Tsarin aika imel da ake kira SMTP ya samo asali ne tun shekarar 1982, lokacin da masu amfani da shi ba su da yawa, kuma akasari sun yarda da juna. Ba a sa masa wata hanyar tantance mai aiko da saƙo ba, don haka kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama, kamar yadda mutum zai rubuta sunan wani a bayan ambulan.

'Yan damfara sun daɗe suna cin moriyar wannan giɓi. Hukumar bincike ta FBI a Amurka ta ce a shekarar 2023 kaɗai an kai mata ƙarar asarar kimanin dala biliyan 2.9 ta hanyar sojan gona a saƙonnin imel na kasuwanci. A Najeriya ma jama'a sun saba ganin saƙonni da sunan bankuna ana neman lambar BVN.

Domin toshe giɓin aka ɓullo da matakai uku. SPF na bayyana kwamfutocin da kamfani ya amince su aika saƙo da sunansa. DKIM tamkar sa hannu ne na asiri a kan kowace wasiƙa. Shi kuwa DMARC, wanda aka fitar a 2012, yana gaya wa mai karɓa abin da zai yi da wasiƙar da ta kasa cika waɗannan sharuɗɗa. Sai dai duk wannan a bayan fage yake gudana, mai karatu ba ya ganin komai.

Daga bayan fage zuwa gaban ido

Tsarin BIMI ne ya fito da tantancewar fili. Kamfanin da ya tsaurara matakan DMARC na iya neman a nuna tambarinsa. Google ya fara aiki da tsarin ga kowa a 2021, Apple ya bi sahu a 2022, sannan a watan Mayun 2023 Gmail ya ƙara shuɗin maki.

Amma kafin Gmail ya ba da makin, sai kamfani ya yi wa tambarinsa rajista a hukumance, ya kuma sayi takardar shaida mai suna VMC daga kamfanoni irin su DigiCert, wadda kuɗinta kan haura dala dubu a shekara.

A watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka ƙara matsa lamba ga masu aika saƙonni da yawa. A Gmail, duk mai aika dubu 5 ko fiye a rana dole ne ya cika matakan ukun, ya kuma sauƙaƙa wa mutane hanyar dakatar da tallarsa da latsawa ɗaya. Microsoft ya kafa irin wannan sharaɗi ga Outlook a watan Mayun 2025.

Iyakar alamar

Makonni kaɗan bayan fitowar shuɗin makin, wani masanin tsaron intanet a Amurka, Chris Plummer, ya nuna wani saƙon bogi da ya shigo da tambarin kamfanin jigilar kaya na UPS, har da makin. Da farko Google bai ɗauki ƙorafin da muhimmanci ba, daga baya ya amince da kuskuren, ya kuma wajabta sa hannun DKIM kafin a nuna alamar.

Ko da tsarin ya yi aiki yadda ya kamata, abin da makin ke cewa shi ne wasiƙar ta fito daga adireshin mai tambarin. Bai ce tallar gaskiya ba ce, bai kuma ce kayan na da inganci ba.

Haka nan rashin makin ba shaidar rashin gaskiya ba ne. Ƙaramin ɗan kasuwa mai amana na iya rasa shi saboda tsada kawai. Google ya ɗan sassauta a 2024, inda ya amince da wata takardar shaida mai suna CMC wadda ba ta buƙatar rajistar tambari, sai dai tana nuna tambari ne kawai ba tare da makin ba.

Bugu da ƙari, tsohuwar dabarar nan tana nan daram. Ɗan damfara na iya buɗe adireshi mai kama da na banki, ya sauya harafi guda, ya cika dukkan matakan a kan adireshin nasa. A wayar salula kuwa suna kaɗai ake gani da farko, sai an taɓa shi cikakken adireshin ke fitowa.

Saboda haka nauyi bai sauka daga wuyan mai karatu ba. Ya duba abin da ke bayan alamar @ harafi bayan harafi, kuma ya tuna cewa bankuna sun sha nanata cewa ba sa neman lambar sirri ta imel, ko da tambari ko babu.