Ku Bar Yaranmu Masu Ɗaukar Hoton Asibiti Su Fita Neman Aiki, Ku Kuma Taimaka Musu Su Fita

'Yan uwana 'yan jam'iyya na Birnin Kudu da Gwaram, yau ba abokan hamayya zan taɓa ba, maganar cikin gida ce. Akwai yaranmu da suka yi karatun ɗaukar hoton asibiti, wato masu eksire da sikanin, sun gama shekara uku, huɗu, wasu biyar, suna zaune. Kullum maganar da muke faɗa musu ɗaya ce: "Ka yi haƙuri, mai gida ya san da zamanka, za a yi." Ni dai a ganina wannan "za a yi" ɗin ta fi rashin aikin kansa cutar da su.

Mu fara da abin da yaron ya zuba. Shekara biyar a jami'a, ko Bayero ta Kano, ko Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, ko ta Maiduguri. Sannan shekara guda ta koyon makamar aiki a asibiti, wadda samun gurbinta ma wani yaƙi ne. Sannan bautar ƙasa. Shekara bakwai ke nan idan babu yajin aikin malaman jami'a, kuma kun san da wuya a rasa shi. Iyayensa sun sayar da shinkafa, sun sayar da dabbobi, wasu har gona.

To me ya sa bai samu aiki a gida ba? A nan ne da yawanmu ba mu fahimci sana'ar ba. Nas ko ma'aikacin lafiya na matakin farko, duk mazaɓar da ke da ƙaramin asibiti za a iya tura shi. Mai ɗaukar hoto kuwa aikinsa inji yake bi. Injin eksire yana son ɗaki na musamman mai kariyar dalma, yana son wuta tsayayya, yana son mai gyara idan ya tsaya. Ba a ajiye shi a asibitin shan magani na ƙauye. Ku ƙirga da kanku wuraren da ake ɗaukar hoto daga Birnin Kudu zuwa Gwaram: asibitin tarayya na FMC, sai manyan asibitocin jiha, sai ɗan abin da ba a rasa ba na masu zaman kansu. Guraben nan kaɗan ne, kuma wanda ya shiga ba ya fita sai ritaya. Ko mu ne muke kan kowace kujera a Dutse, ba za mu iya ɗauke duk waɗanda jami'o'i ke yayewa kowace shekara ba sai an ƙaro injina. Duk ɗan siyasar da ya ce maka akasin haka, kuri'arka yake so.

FMC ɗin ma da kowa ya zuba wa ido, ba ta Birnin Kudu kaɗai ba ce. Ta tarayya ce. Kafin ta ɗauki ma'aikata sai an samo izini daga Abuja, sannan Hukumar Raba Daidai ta Tarayya ta duba rabon jihohi. Kun kuma tuna a 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti ƙarƙashin Yusuf Gagdi don binciken sayar da guraben aiki a ma'aikatun tarayya, aka ji abin da aka ji. Ɗan talakan Gwaram da wane kuɗin zai shiga wannan kasuwa?

Yanzu ga inda zaman ke yin ɓarna. Wannan sana'a ta hannu ce da ido. Yadda za ka kwantar da wanda ya karye a ƙugu, yawan hasken da za ka saki ga jariri don kada ya wuce kima, yadda za ka gane hoton bai fita ba tun kafin ya je gaban likita, duk da yi ake riƙe su. Injinan kuma suna canzawa: an bar wankin fim an koma kwamfuta, ga siti sikan, ga MRI. Lasisin hukumar RRBN kowace shekara ake sabunta shi, wanda ba ya samun ko sisi sai ya bar shi ya taru. Ranar da aiki ya fito, tambayar farko ita ce, "Ina ka yi aiki bayan bautar ƙasa?" Sai ya yi shiru. Tallan aikin gwamnati da yawa kuma da iyakar shekaru yake zuwa. Masu tunanin Saudiyya ko Ingila su sani can ma aikin da ka yi kwanan nan ake tambaya, da shaidar wurin da ka yi shi.

Saboda haka fita ita ce mafita, kuma ba abin kunya ba ce. Kano tafiyar awa biyu ce ko ƙasa da haka, ga asibitin Malam Aminu Kano, ga na Murtala, ga cibiyoyin ɗaukar hoto na 'yan kasuwa birjik. Ɗan Gwaram kuwa jihar Bauchi a bakin ƙofarsa take, Azare da Bauchi duk suna da manyan asibitocin tarayya, Gombe ma haka.

Ba zan ɓoye muku ba, hanyar da ƙaya. Babbar ƙayar ita ce takardar indijin. Kafin 27 ga Agusta 1991 ɗan Birnin Kudu ɗan jihar Kano ne cikakke, yau kuwa jikansa idan ya nemi aikin jiha a Kano sai a tambaye shi ƙaramar hukumarsa. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda asalin mutum, amma a aikace jihohi 'ya'yansu suke fara ɗauka, baƙo in ya yi sa'a ya samu kwantiragi. A 2011 jihar Abiya ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalinta ba. Mu ma fa kada mu wanke kanmu, haka muke yi wa na wasu. Shi ya sa nake ce wa yaranmu su rage sa rai da aikin jihar wasu, su nufi asibitocin tarayya da na kuɗi. Albashin asibitin kuɗi ba zai burge ka ba, haya a Kano za ta cinye kaso mai tsoka. Amma shekara biyu kana kan inji ta fi shekara biyu kana zaman majalisa kana jiran kiran waya.

Wani zai ce, to idan duk suka tafi wa zai duba marasa lafiyarmu? Wanda ke zaune a gida ba aiki ai ba ya duba kowa. Wanda ya je Kano ya ƙware a siti sikan, ranar da aka kawo injin garinmu shi za a nema. Akwai kuma dalilin da ba a faɗa a fili: wasu iyayen gidanmu sun fi son yaro mai digiri ya zauna kusa, yana yi musu rubutu a Facebook, yana tsare akwati ranar zaɓe. Haba jama'a! Wanda aka koya wa gano karaya da ciwon huhu, shi za mu mayar ɗan amshin shata don kuɗin data?

Ga abin da nake roƙon shugabannin ɓangarenmu, kuma ba sai muna da gwamnati ba. A sa shugabannin mazaɓu su rubuto sunayen masu wannan karatu da ke zaune a ƙananan hukumomin biyu, ba za su cika takarda ɗaya ba. A biya musu bashin lasisi. A nema musu wurin sa-kai na wata uku zuwa shida a asibiti mai inji, don hannu ya dawo kuma su samu takardar shaida. Manyanmu da ke da abokai likitoci a Kano da Bauchi da Abuja su ɗaga waya. Wanda ya samu wuri a ba shi kuɗin mota da hayar wata shida. Kuɗin fosta da hayar motocin taro guda ɗaya sun isa su yi wa mutum biyar wannan, kuma ina so a sa maganar a ajandar zaman masu ruwa da tsaki na gaba.