Tantance Bayanai: Darasin Da Bai Kamata Malaman Kwamfuta Su Raina Ba

Duk ɗalibin da ya fara koyon tsara manhajar kwamfuta, a jami'a ne ko a kwalejin kimiyya da fasaha ko a ɗaya daga cikin cibiyoyin koyarwa da suka cika garuruwanmu, ba zai yi mako uku ba sai an ba shi wani ɗan aiki: ya rubuta umarnin da zai tambayi mutum wani abu, ya duba ko amsar tana cikin jerin da aka tanada, in tana ciki ya karɓa, in babu ya sake tambaya. A harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991 kuma akasarin masu farawa ke amfani da shi a yau, layi biyar ko shida sun isa. Saboda sauƙinsa ne malamai da yawa ke yi masa hawan ƙawara su wuce gaba. A ganina wannan sakaci ne mai tsada, domin a nan ne ɗalibi ke fara zama mai gadin ƙofa, shi ke yanke wanda zai shiga da wanda za a mayar.

Mu ɗauki misali daga gida. Nijeriya na da jihohi 36 da Babban Birnin Tarayya, da ƙananan hukumomi 774, waɗanda sunayensu ke rubuce a jadawalin farko na Kundin Tsarin Mulki na 1999. Wannan jeri ne mai iyaka, don haka fam ɗin da ke tambayar jihar mutum ya wajaba ya gwada amsar da shi. In an bar kowa ya rubuta yadda ya ga dama, wani ya sa Sakkwato, wani Sokoto, wani ya gutsure sunan, sai rumbun bayanai ya wayi gari da jihohi sama da ɗari, ƙididdiga ta lalace. Amma kwamfuta ba ta da hankalin ɗan Adam. A wurinta “Kano” daban, “kano” daban, haka ma wanda aka bar masa ɗan fili a ƙarshe. Dole ɗalibi ya koyi share filin da ya yi yawa da daidaita manya da ƙananan baƙaƙe kafin ya gwada, in ba haka ba zai kori mai gaskiya a kan laifin da bai yi ba.

Bayan wannan, shi kansa jerin yana iya yaudara. Akwai ƙaramar hukumar Nasarawa a Jihar Kano, akwai wata a Jihar Nasarawa. Akwai Obi a Binuwai da Nasarawa, Bassa a Kogi da Filato, Surulere a Legas da Oyo. Wanda ya zuba sunayen duka a kwando ɗaya, manhajarsa za ta amince da mutumin da ya ce shi ɗan Bassa ne ta Jihar Katsina. Abin da ya dace shi ne kowace jiha ta zo da nata jerin: Kano da 44 ɗinta, Katsina da 34, Jigawa da 27. Haka kuma jeri yana tsufa. Kafin 1991 babu Jigawa da Kebbi da Yobe, kafin 1996 babu Zamfara da Gombe da Nasarawa. Mai hangen nesa yakan ajiye jerinsa wuri guda da za a iya gyarawa, maimakon ya warwatsa shi cikin umarni.

Akwai kuma masu juya lamarin, su tara jerin abubuwan da aka haramta, su bar duk abin da ba ya ciki ya wuce. Tarihi ya nuna raunin wannan dabara. A 1996 kamfanin AOL ya hana mazauna garin Scunthorpe na Ingila yin rajista, saboda wasu baƙaƙe huɗu a tsakiyar sunan garin sun yi daidai da wata kalmar batsa ta Turanci. Mutanen kirki sun sha wahala, alhali mai mugun nufi sauya harafi ɗaya kawai zai yi ya wuce abinsa. Lissafa abin da aka yarda da shi ya fi lissafa abin da aka hana, domin na biyun ba ya ƙarewa.

Sai dai, mai karatu, a nan ne gizo ke saƙar. Ba kowane abu ne ke da iyaka kamar jihohi ba, kuma sunan mutum na kan gaba. Ɗalibin da ya kwafo darasinsa daga littafin da aka rubuta don Turawa yakan ce suna baƙaƙe 26 ne na Turanci, ba ƙari. Da wannan layi ɗaya ya rufe ƙofa ga Sa'adatu da Mu'azu da Rabi'u da Asma'u, ya kori Ɗanladi da Ɗahiru, ya mayar da Ƙaura ta zama Kaura. Mutum ya ga an rubuta sunansa iri ɗaya a takardar makaranta, wani iri a banki, daga nan sai zirga-zirgar kotu neman takardar rantsuwa. Alhali ɓ da ɗ da ƙ suna cikin tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990. Laifin ba na na'ura ba ne, na wanda ya tsara ne.

Masu wannan ɗabi'a suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Alamar hamza da ke cikin Sa'adatu ita ce kuma alamar da harshen SQL ke rufe zance da ita, kuma 'yan kutse kan bi ta nan su cusa wa rumbun bayanai umarninsu. Haɗarin gaskiya ne: a 2015 an yi wa kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya irin wannan kutse, bayanan mutane kusan 157,000 suka fita, aka kuma ci shi tarar fam 400,000 a 2016. To amma maganin sananne ne tuntuni: a aika umarni daban, bayanin mutum daban, ta yadda rumbun ba zai taɓa ɗaukar suna a matsayin umarni ba. Wanda ya hana hamza ya hukunta Sa'adatu ne kawai, ɓarawo kuwa zai nemi wata taga.

Saboda haka ina kira ga malamanmu da masu tsara manhajar karatu su ba wannan darasi haƙƙinsa. A koyar da shi da sunayenmu da na garuruwanmu. A sa ɗalibi ya fara tambayar kansa: abin da nake nema yana da iyaka ko babu? A nuna masa cewa tantancewar da aka yi a wayar mai amfani ana iya tsallake ta, sai an maimaita a babbar kwamfutar da ke karɓar bayanan. A koya masa ya faɗa wa mutum abin da ya kuskure cikin ladabi da harshen da zai gane. Hukumomi da bankunan da ke ba da kwangilar manhaja su ma, kafin su biya kuɗi, su gwada ta da sunan Mu'azu Ɗanladi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ke rubuta layi shida a aji yau, shi ne gobe zai tsara fam ɗin da miliyoyin mutane za su cike don neman aiki, karatu ko magani.