Watannin IT ba hutu ba ne: kira ga iyaye da masu sana'a a Legas



A zamanmu na ƙarshen wata, wani dattijo daga cikinmu ya tashi da ƙorafi. Ɗansa ya gama babbar difloma a fannin lantarki, ya yi bautar ƙasa, yau shekara biyu ke nan yana yawo da takardu tsakanin Ikeja da Apapa babu aiki. Ya ce ƙabilanci ne. Ba mu ƙaryata shi ba, don mun san ana yi. Amma da muka tambayi inda yaron ya yi IT, sai aka yi shiru. Ashe shekarar nan guda da ake ba ɗalibi bayan ƙaramar difloma, a rumfar mahaifinsa ya yi ta yana ƙirga kwandunan tumatir, wani abokin arziki mai kamfani ya buga masa hatimi a takarda. Sau ɗaya aka kira shi gwajin ɗaukar aiki, aka miƙa masa mita aka ce ya gano inda wuta ta yanke a jikin inji. Ya tsaya yana kallo.

Ba don mu tona asirin kowa muka kawo labarin ba, da izinin dattijon muka rubuta. Gidajenmu da yawa haka abin yake, kuma laifin ya fi yawa a wuyanmu iyaye.

Ga waɗanda ba su sani ba, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar ITF a 1971, hedikwatarta na Jos. A 1973 hukumar ta ɓullo da shirin SIWES, saboda masu masana'antu na kukan cewa ɗalibai na fitowa da karatun allo kawai, hannunsu bai san aiki ba. A kwalejin fasaha ɗalibi kan yi wata huɗu tsakanin shekarar farko da ta biyu, sannan ya yi shekara ɗaya cur bayan ƙaramar difloma kafin a karɓe shi a babba. A jami'a yawanci wata shida ne ga masu karatun injiniya, kimiyya, noma da makamantansu. Makarantar da ke cikin shirin tana da ofishin da ke ba ɗalibi wasiƙar neman gurbi da littafin da zai riƙa rubuta aikin da ya yi kullum, wanda yara ke kira logbuk, ta kuma turo malami ya duba shi a wurin aiki. Wasu makarantun ma suna da ofishin da ke gayyato kamfanoni su zo su gana da ɗalibai. Yaranmu nawa ne suka taɓa leƙa ofishin nan, in ba ranar karɓar wasiƙa ba?

Ra'ayinmu shi ne, watannin nan su ne ƙofar aiki mafi sauƙi ga yaron da ba shi da uwa a gindin murhu. Takardar neman aiki ana iya ganin sunan Musa ko Hadiza a ajiye ta gefe. Amma injiniyan da ya yi wata shida yana ganin Musa na zuwa ƙarfe bakwai da rabi, ba ya ɗauke ko ƙusa, ya iya abin da aka nuna masa, ranar da gurbi ya samu shi zai fara tunawa da shi. Ko bai ɗauke shi ba, zai rubuta masa shaida, zai ba shi lambar wani. Gani ya kori ji.

Abin takaicin, mu da ke zaune a Legas mun fi kowa dama. Masana'antun Ikeja, Ilupeju, Apapa, Ikorodu da Agbara duk a ƙofar gidanmu suke, ga matatar man Dangote a Lekki da aka buɗe a 2023. Yara na tasowa daga Kano, Zariya da Bauchi suna neman gurbi a nan, ba su da wurin kwana. Namu suna da ɗaki, suna jin Yarbanci, sun san hanya, amma sai mu ce su zauna a shago ko su tafi gida Arewa su huta.

Mun san abin da za a ce mana, kuma akwai gaskiya a ciki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota daga Agege zuwa Apapa kullum ba ƙaramin nauyi ba ne, ɗan alawus ɗin da ake ba ɗalibai kuma ba ya ɗauke shi. Wasu kamfanonin ba sa biyan ko sisi, wasu su mayar da yaro ɗan aike mai sayo abinci. Iyayen 'ya'ya mata suna tsoron irin wurin da za a tura su da yadda za a kalli hijabinsu. Ga batun fita sallar Juma'a. Amma duk waɗannan dalilai ne na mu tashi mu zaɓa wa yaro wuri mai kyau, mu je da ƙafarmu mu gaisa da shugaban wurin, mu faɗi buƙatarmu tun ranar farko. Idan an mayar da shi ɗan aike, ya sanar da ofishin makaranta ya nemi canjin wuri. Mun biya kuɗin makaranta shekara huɗu, kuɗin motar wata shida ne zai gagare mu?

Koyon aiki a hannun ubangida ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da yawanmu yaran shago ne kafin mu zama masu shago, tela da makaniki duk haka suka taso. Maƙwabtanmu Ibo a Alaba da Ladipo da wannan suka riƙe kasuwa. IT shi ne irin wannan tarbiyyar a aikin boko.

Don haka ga abin da muke kawowa gaban 'yan ƙungiya. Na farko, mu daina buga hatimin ƙarya. Wanda ya sa hannu a logbuk ɗin yaron da bai zo aiki ba, bai taimake shi ba, kuma shaidar zur ce ya yi. Na biyu, mu buɗe rajistar mambobin da ke da kamfani mai rajista wanda zai iya karɓar ɗalibi a aikin da ya dace da karatunsa: masu fiton kaya a tashar jirgin ruwa, masu garejin tireloli, masu gyaran waya da kwamfuta a Ikeja, masu shagon magani, masu harka da likitocin dabbobi a mayankar Oko-Oba. Na uku, mu naɗa mutum uku su ziyarci ofisoshin SIWES na makarantun da yaranmu suka fi yawa, irin su kwalejin fasaha ta Yaba, jami'ar Legas da ke Akoka da jami'ar jiha da ke Ojo, su san lokacin fitar ɗalibai, don a fara neman gurbi wata uku kafin lokaci. Na huɗu, a ware wani abu daga kuɗin wata-wata don motar marayu da marasa ƙarfi, masu ɗakin da ba kowa kuma su sauki ɗalibi ɗaya daga Arewa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma ɗalibai, zomo ba ya kamuwa daga zaune. Kada ku jira wasiƙa ta yi muku tafiya, ku kai ta wurare goma, ku koma ku bibiya.

Duk mai ɗa ko 'ya da za su fita IT a zango mai zuwa, da duk mai wurin da zai karɓi ɗalibi, ya kawo suna wurin sakatare kafin zama na gaba. Yaron dattijon nan ma mun sama masa wani ɗan uwa mai aikin haɗa sola, ya fara bin sa tun makon jiya, yana koyon abin da ya kamata ya koya shekara biyar da suka wuce.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba su abin yi na halal. Amin.

Sakataren ƙungiya